Ƙurar hunturu da kwamin Hajiya: yadda na zaɓi injin wanke wurin ninkaya

Wata Talata ce cikin Disamban 2024, bayan Azahar. Hajiya, dattijuwar gidanmu, ta fito cikin doguwar rigarta ta shiga ruwa, yarinyar da ke taimaka mata na biye da tawul. Ta dafa ƙarfen matakala, ta leƙa cikin kwamin, ta daɗe tana kallo, sannan ta juya ta koma ɗaki. Na bi ta na ce, "Hajiya, yau ba za a shiga ba ne?" Ta ce, "Kai dai je ka dubi ƙasan ruwan nan. Sai ka ce gindin randar da aka yi wata ba a wanke ba." Na je na duba. Saman ruwan garau yake, amma ƙasan ya yi shimfiɗa da wata laka mai laushi, har shuɗin tayil ɗin ya dushe. Jiya-jiya Malam ya wanke shi. Dare ɗaya hunturu ya mayar masa da hannun agogo baya.

Ba don gayu muke riƙe da kwamin ninkaya ba. Da shi muka sayi gidan a Gwarinpa, kuma ya yi shekaru a bushe, har mun taɓa shawarar cike shi da ƙasa a shuka kayan miya. Ciwon gwiwar Hajiya ne ya sauya maganar. Likitar motsa gaɓɓai ta ce ta riƙa tafiya a cikin ruwa, domin idan ruwa ya kai wa mutum kugu, kusan rabin nauyinsa ne kawai ke sauka a kan ƙafafunsa. Duk wanda ya san iyayenmu mata ya san ba za a kai dattijuwa mai shekara saba'in da ɗoriya otal ta shiga ruwa a bainar jama'a ba. Sai muka gyara namu, muka ƙara tsayin katanga, muka kewaye shi da shingen ƙarfe mai kwaɗo saboda jikoki. Minti ashirin zuwa talatin take yi kullum, daga wannan bango zuwa wancan, kuma mun ga amfaninsa da idonmu: wadda a kujera take sallah ta koma tana yin ruku'u a tsaye. Don haka ranar da ta fasa shiga, abin ya tsaya mini a rai.

Mai kula mana da ruwan wani dattijo ne da kowa a gidan ke kira Malam. Ya yi shekaru yana wannan aiki a otal-otal, tun yana Jos kafin ya dawo Abuja. Daga Dei-Dei yake zuwa, Litinin da Alhamis da Asabar, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya hana a ce ya riƙa zuwa kullum. Wankin kuwa sai mai haƙuri. Doguwar sanda ce da wani kai mai ƙananan tayoyi a ƙarshenta, da tiyo mai kauri da ake jonawa a bakin da famfo ke zuƙar ruwa. Zai riƙa tura kan nan sannu-sannu, kamar mai shara a ɗakin da jariri ke barci, don da zarar ya yi sauri ƙurar za ta tashi ta gauraye da ruwa, sai bayan awanni ta sake kwantawa. Awa biyu yake yi a tsaye cikin sanyin safiya, hannuwansa duk sun yi kaushi. Idan ya gama sai a juya bawul a wanke tankin yashin da ke tace ruwa, ruwa mai yawa ya bi kwata, a daidai lokacin da rijiyar burtsatsenmu ita ma take ja da baya saboda rani. In kuwa aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, sai a tayar da janareta.

Ranar Alhamis na same shi yana naɗe tiyo, na ce, "Malam, ina tunanin sayo injin nan mai yawo da kansa a ƙasan ruwa yana shara." Ya yi shiru, ya ci gaba da naɗinsa. Can ya ce, "To Alhaji, Allah ya sa a dace." Na lura da shirun, amma a lokacin hankalina na kan injin.

Abu na farko da na gane shi ne injinan nan iri uku ne, kuma masu sayarwa ba su cika bambanta maka su ba. Akwai mai zuƙa, wanda ake jona tiyonsa a bakin famfon kwami ya riƙa tafiya da ƙarfin zuƙar ruwan. Tsohon yayi ne; shahararrensa, Kreepy Krauly, wani injiniya mai suna Ferdinand Chauvier ne ya ƙera shi a Afirka ta Kudu tun 1974. Malam ya san irinsa sarai tun zamaninsa na otal, "mai ƙas-ƙas" yake ce masa saboda ƙarar da yake yi, kuma ya fi sauran araha nesa ba kusa ba. Akwai mai aiki da turin ruwa, wanda yawanci sai an ƙara masa wani famfo na daban, yana tara shararsa a jaka. Duk su biyun ba sa motsi sai famfo na aiki. Namu famfon mai ƙarfin doki ɗaya da rabi ne, yana jan sama da wat dubu, inbatarmu ba ta iya tayar da shi. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, ko da yake an ɗan rage daga baya, kowace awa da famfon nan ya ƙara ina ganinta a mita. Ga shi mai zuƙa a tankin yashi yake juye duk dattin da ya kwaso, wato wankin tanki da asarar ruwa suna nan daram.

Na ukun shi ne wanda ake kira robot. Yana da motarsa, da farfelarsa mai zuƙar ruwa, da kwandonsa na tara datti, babu ruwansa da famfon gida. Mai waya daga cikinsu yana da akwatin wuta da ke zama a waje, wanda ke sauke wutar gida zuwa abin da bai wuce bolt 30 ba kafin ta bi waya ta shiga ruwa. Wat ɗari biyu ma bai cika ja ba. Na buga lissafi: awa biyu na aikinsa bai kai rabin yunit ba, kuɗin bai kai naira ɗari ba, kuma inbata za ta ɗauke shi ko babu wuta. A nan na tsayar da shawara a kan iri.

Asabar biyu na yi ina zagayen shagunan kayan kwami a Wuse da Jabi da Garki. Sunayen da ake ta maimaitawa su ne Dolphin na kamfanin Maytronics, wanda tun 1983 yake wannan sana'a, da Zodiac da Polaris da ke ƙarƙashin kamfanin Fluidra na Sifen, da Hayward na Amurka, sai sababbin shiga irin su Aiper da suka yi suna wajen masu batir. Kowane shago samfuri biyu ne ko uku, farashi kuma da dala ake auna shi; da yake a lokacin dala ta haura naira 1,500, ko matsakaici ya wuce miliyan ɗaya. Kuɗi irin wannan ba a zuba shi da ka. Tambaya ɗaya nake yi wa kowa: "Idan buroshi ya cinye, ko matata ta yage, ko akwatin wuta ya ƙone, ina zan samu wani?" Wani matashi ya ce mini, "Ai Yallaɓai wannan ba ya lalacewa." Na yi masa godiya na fita. Abin da ke yini cikin ruwan kulorin yana gogar tayil dole wani abu nasa ya cinye. A wani shagon kuwa, ko amsa mai shagon bai ba ni da baki ba. Durowa ya jawo, ya zube mini buroshi da matatai da bel ɗin ƙafa a kan tebur, kowanne da farashinsa. Na karɓi lambarsa.

A gida kuma rigima ta koma tsakanin mai waya da mai batir. Uwargida da yara duk mai batir suke so, kuma suna da hujja: babu wayar da za ta harɗe, babu akwatin wuta a kusa da ruwa, ka yi caji ka jefa shi kawai. Ni ma na karkata. Allah ya taimake ni wani abokin aikina da ke Life Camp yana da irinsa, ƙarami, ya ce in ɗauka in gwada kwana biyu. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Safiyar Asabar muka saka shi. Ya nutse a hankali, ya dira, ya kama tafiya. Lokacin mangwaron maƙwabta na zubar da fure, ga ganyen darbejiya, duk ya bi yana haɗiye su, yara na tsalle a bayan shinge suna kiransa Kunkuru. Na ji daɗi ƙwarai. Malam na tsugune a ɗaya gefen, inda rana ke haskowa a karkace, bai ce uffan ba sai da aka yi kamar minti goma. Ya yafito ni: "Alhaji, zo ka tsaya nan, ka dubi bayansa." Na zagaya na tsuguna kusa da shi. Daga wurin da injin ke fitar da ruwa wani farin abu ne ke tashi kamar hayaƙin murhu, yana bazuwa. Ƙasan da ya bi ya yi fes, amma ƙurar ba kama ta yake yi ba, ɗaga ta yake yi ya watsa. Kafin batir ya ƙare ruwan ya yi dishi-dishi, da yamma kuma lakar ta koma mazauninta. Malam ya buɗe kwandon, ya zubar da ganyen, ya ɗaga shi saitin rana, ya shafa ragar da ɗan yatsa. Ya ce, "Wannan ai rariyar tankaɗen garin tuwo ce. Ƙurar hunturu sai ƙyallen tatar kamu."

Wannan magana ita ta zaɓa mini injin. Da na koma kan takardun kamfanoni sai na ga ashe akwai ma'aunin da ake rubutawa, wanda da can nake tsallakewa. Maikron ake ce masa, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin mutum wajen maikron 70 ne. Ragar injin da na aro, 180 aka rubuta a takardarsa. Tankin yashi irin namu yana kama abin da ya kai 20 zuwa 40. Ƙurar da hunturu ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kafin ta iso mana nan masu nauyin sun zube a hanya, mai laushin ce ke ƙarasowa, kuma da yawanta ko maikron 10 ba ta kai ba. Yawancin injinan nan an ƙera su ne da tunanin gidajen Turai da Amurka, inda ganye da yashi ne damuwarsu. Mu a nan daga Nuwamba zuwa Fabrairu abokin gabarmu ba ya ganuwa sai ya kwanta, ga kuma tokar ƙunar daji da iska ke kawowa daga gefen gari. Tun daga ranar duk injin da aka nuna mini, kafin in dubi launinsa ko sunansa sai in ce a buɗe mini cikinsa. Wanda nake nema shi ne mai matata iri biyu da ake musanyawa: raga ta ganye, da wata fara mai ninki-ninki kamar matatar iskar mota, ta ƙura.

Akwai masu batir da ke zuwa da irin wannan matata, ban ce babu ba. Abin da ya janye ni daga gare su zafin Abuja ne. A watan Maris rana kan kusan kai maki 40, batirin litiyam kuma ba ya shiri da zafi. A 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sanar da janye wani samfurin mai batir daga kasuwa saboda haɗarin zafi da gobara wajen caji. Ko babu wannan ma, batir yana da shekarunsa, kuma ranar da ya mutu samun madadinsa aiki ne, tunda wanda girmansa ya wuce wat-awa 160 ba a yarda fasinja ya shiga jirgi da shi, balle ka ce wani ya riƙo maka a jaka.

Ana cikin haka ƙanena da ke Amurka ya kira ya ce, "Yaya, a nan ya fi araha sosai, bari in saya in sa a kago." Har na amsa. Da na gaya wa mai yi mana aikin wuta, sai ya ce in sa a ɗauko masa hoton rubutun da ke bayan akwatin wutar tukuna. Hoton ya zo: bolt 120. Wutarmu ta Najeriya 230 ce. Ya ce ranar da aka jona shi kai tsaye, ranar zai ƙone. In kuma za a sa masa taransifomar rage wuta, an ƙara wani kaya ke nan a kusa da ruwa, kuma garantin can ba zai tsallako teku ya same ni a Gwarinpa ba. Akwai akwatunan da ke karɓar wuta daga 100 har 240, amma sai ka karanta da idonka. Waɗanda aka yi wa kasuwar Birtaniya da Turai da Afirka ta Kudu da Dubai su ne suka dace da tamu. Na kira ƙanena na yi masa godiya, muka bar maganar.

Sai awo. Ni da Malam muka ja tef: tsawo mita 9, faɗi mita 4, zurfi daga mita 1.1 zuwa 1.6, wato ruwa wajen lita dubu 48. A takarda kowane ƙaramin inji zai ce ya isa wannan. Amma tsawon waya ba da tsawon kwami ake auna shi ba, daga inda akwatin wuta zai zauna ake farawa. Kamfanonin sun ce a ajiye akwatin aƙalla mita uku daga bakin ruwa, kuma kada a yi masa ƙarin waya. Soket ɗinmu na jikin ɗakin famfo, mita huɗu daga ƙarshen kwamin. Daga nan zuwa kusurwar da ta fi nisa, a haɗa da zurfi, ya kusa mita 15. Mai wayar mita 12 ya fita ke nan, sai mai 18. Malam ya ƙara da cewa a nemi wadda ke da mahaɗi mai juyawa a tsakiya, don ya sha ganin waya ta murɗe kamar igiyar guga har inji ya kasa kaiwa lungu.

Shi ne kuma ya sa na shafa bangon kwamin da tafin hannu. Tayil ɗinmu ƙanana ne masu sheƙi, santsi gare su. Buroshin roba mai haƙora da yawancin injinan ke zuwa da shi ya fi kama bangon siminti mai kaushi. A kan irin namu sai a ga inji ya hau rabi ya sulluɓo. Mai soso ake nema, ko mai haɗin roba da soso. Hawan bango kuwa ba ado ba ne a wurinmu, domin a daidai layin da ruwa ya tsaya ne man shafawa da ƙura ke haɗuwa su yi baƙin zobe, kuma wurin Hajiya ke dafawa. Na kuma ɗaga kowane inji da hannuna a shago. Mai kilo goma a bushe, idan ya fito daga ruwa ya fi haka, kuma wanda zai riƙa ɗaga shi mutum ne da ya haura sittin. Saboda haka na nemi mai saurin zubar da ruwa, mai buɗewa ta sama, ba wanda sai an kifa shi ba, da ɗan keken tura shi. Zancen sarrafa shi da wayar hannu ta intanet kuwa, wanda masu shago suka fi zaƙewa a kai, ban ƙara ko kwabo saboda shi ba. Maɓalli ɗaya ya ishe mu.

Tsakiyar Janairun 2025 na koma wurin mai durowar nan. Ba zan faɗi sunan samfurin ba don kada ya zama talla. Sharuɗɗa uku na kafa masa: a gwada a kwamina kafin in cika kuɗi, a rubuta garanti a rasit da lambar injin, a haɗa mini da matatar ƙura ta biyu tun yanzu. Ya ɗan ja a kan na farko, daga baya ya turo yaronsa da injin a bayan mota. Kafin su iso mai aikin wuta ya riga ya sa wa soket ɗin burekar da suke kira RCD, mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta nan take idan ta ji tana sulalewa, da na'urar kare kaya daga wutar da ke dawowa da ƙarfi. Ya gwada ta a gabana sau biyu. Doka kuma na kafa ta a gaban kowa: muddin injin na cikin ruwa, ko ƙafa ba a tsomawa.

Gwajin ya yi kyau, don Malam ya wanke kwamin kwana ɗaya kafin nan. Matsalar ta zo ne bayan kwana huɗu, da aka tashi da hazo mai kauri har ba a ganin duwatsun Katampe. Na sa farar matatar, na saka shi. Minti arba'in yana aiki lafiya, sai ya fara nauyi, ya je bango ya ɗaga kai ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Gabana ya faɗi, na ce ko an sayar mini da mai lahani ne. Na kashe, na jawo shi da waya a hankali zuwa baki, na kama hannunsa na ɗaga, don ba a ɗaga shi da waya. Da na buɗe sai na ga farar matatar ta koma ruwan ƙasa, laka ta cike kowane ninki kamar an shafa kunun kanwa, furen mangwaro ya manne a kai. Ruwa ba ya wucewa, kuma ƙarfin ruwan da yake fitarwa ne ke manna shi da bango. Na sa tiyo na wanke ninki bayan ninki, jan ruwa na gangarowa kan siminti. Ban taɓa jin daɗin ganin datti irin na ranar ba, domin ƙurar da ta hana Hajiya shiga ruwa ce ke bin kwata a gabana. Na mayar, ya hau bango har ya leƙo da kansa waje yana gogar layin ruwa.

Daga nan muka samu tsari. A fara kwashe ganyen sama da raga. In dattin ya yi yawa, zagayen farko da matatar ganye, na biyu da ta ƙura. A wanke matata da zarar an fitar, kada laka ta bushe a ciki. A warware waya a miƙe, a ajiye injin a inuwa kan kekensa. Matakala da kusurwoyi kuwa har yau da buroshin hannu ake bin su, injin ba ya gama da su. Malam ya kawo shawarar a riƙa rufe kwamin da murfi da daddare, kuma wannan abu mai sauƙin kuɗi ya rage ƙurar sosai. Sai dai murfi mai yawo a kan ruwa haɗari ne ga yaro, yana iya ɗauka ƙasa ce ya taka, don haka kwaɗon shinge ya ƙara zama wajibi.

Ƙarshen Fabrairu, gab da azumi, Malam ya tafi Jos aurar da 'yarsa, kwana goma. Na ce ya tafi hankali kwance, ai ga inji. Kullum da safe nake saka shi, ƙasa tsaf. Zafi ya fara shigowa. A kwana na shida ruwan ya daina ƙyalli. Na takwas bango ya yi santsi, wani kore-kore ya fito a kusurwar da ba ta samun rana. Hajiya ta sake tsayawa a bakin matakala ta juya. Gansakuka ce, kuma inji ba ya kashe ta. Shara yake yi, ba magani ba. Famfo ma dole ya ci gaba da juya ruwa awanninsa na kullum, ni kuwa na rage su don ganin ƙasa na sheƙi.

Da Malam ya dawo, ko zama bai yi ba ya ɗauko 'yar kwalbar gwajinsa, ya ɗebi ruwa daga zurfin kamu guda, ya ɗiga magani, ya ɗaga saitin haske. Gefen kulorin fari fat, alhali tsakanin 1 da 3 ake so a ma'aunin kwalbar. Gefen da ke nuna tsami da kanwar ruwa, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.6, ya haura. Ya ce a fitar da injin a ajiye, kulorin mai yawa yana cin robarsa. Ya daidaita ruwan, ya zuba kulorin mai ƙarfi da magariba, ya goge bango, washegari ya sa alif, dattin ya dunƙule ya kwanta, sannan ya ɗauko tsohuwar sandarsa da tiyo ya zuƙe shi kai tsaye zuwa kwata. Kwana uku ruwan ya dawo.

A ranar ta ukun ne muna zaune a dakalin ɗakin famfo ya ce, "Alhaji, in faɗa maka gaskiya? Ranar da ka ce za ka sayo injin nan, na ɗauka sallamata ce ta zo. Har na fara cigiyar aikin gadi." Na tuna shirunsa na ranar Alhamis ɗin nan, da yadda duk da haka ya tsuguna ya nuna mini ƙurar da ke fita ta bayan inji, ya ja tef tare da ni, ya sa na shafa bango. Na ce, "Malam, ka yafe mini, tun farko ya kamata in zaunar da kai in yi maka bayani. Sandar nan nake so in raba ka da ita, ba gidan nan ba." Ya ce, "Babu komai, Allah ya bar zumunci." Albashinsa na nan yadda yake, kwanakinsa uku na nan. Awa biyun da yake yi a tsaye yanzu gwajin ruwa yake yi a cikinsu, da duba famfo, da koya wa babban ɗana yadda ake karanta launin kwalba, don kada a sake yin irin ta Fabrairu.

Ruwan farko ya sauka cikin Afrilu. Washegari gina ta cika saman kwamin, fukafukai ko'ina saboda fitilar da muka manta a kunne, ga ganyen da iska ta kakkaɓo. Malam ya wanke farar matatar, ya shanya ta a inuwa, ya naɗe ta a leda ya ce sai kuma Nuwamba in Allah ya kai mu, ya mayar da ta ganye. Ana idar da Azahar muka ji muryar Hajiya daga ƙofar falo tana ce wa yarinyarta, "Je ki ce wa Malam in Kunkurun ya gama a fitar da shi, zan shiga."